Wa Ya Ce Basira Ta Masu Zane Da Mawaƙa Ce Kaɗai?

Makon jiya ƙanwata ta zo gidana da yamma, ta tarar da 'yata ta baje takardu a ƙasa tana zane da fensir mai launi. Ta ɗauki ɗaya ta duba, ta jinjina kai, ta ce, "Yaya, wannan yarinya Allah ya ba ta basira. Mu kam ba mu samu ba, shi ya sa muka ƙare a lissafi."

Ban ce mata komai ba a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai har na kwanta. Dalili kuwa na san abin da baiwar Allahn nan ta yi a wurin aikinta.

Akanta ce. Sa'ad da ta kama aiki, rufe lissafin ƙarshen wata kwana huɗu yake ci musu, su uku, wani lokaci har dare ya yi nisa suna neman inda wani adadi ya shige. Sai ta lura kusan duk kuskuren daga kafa ɗaya yake shigowa: adadi guda ake kwafewa da hannu har sau uku, daga rasit zuwa littafi, daga littafi zuwa kwamfuta, daga wannan shafi zuwa wancan. Ta zauna ta sake tsara shafin yadda za a shigar da adadin sau ɗaya tak, sauran gurabun su cika kansu, duk layin da bai daidaita ba kuma ya koma ja nan take. Yanzu yini guda suke gamawa. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya koya mata. Wannan ce take cewa ba ta da basira.

Ra'ayina a fili yake. Ƙirƙira da dabara suna cikin kowace sana'a, kuma su ne suke riƙe da mafi yawan ayyukan da muke kira "aikin yau da kullum". Akawu yana bukatarsu, nas tana bukatarsu, haka direba da makaniki da mai kula da sito. Ware wannan baiwa da muka yi muka miƙa wa masu zane da mawaƙa da marubuta su kaɗai yana jawo asara biyu. Ma'aikaci ya daina ganin darajar abin da kansa yake haifarwa, shugaba kuma ya daina sauraronsa.

Ina girmama masu fasaha, kada a fahimce ni a baibai. Abin da nake ƙi shi ne a ce wanda ya haɗa launi biyu ya fitar da hoto ya ƙirƙira, wanda ya haɗa shafi biyu ya ceto wa mutum uku kwana uku a kowane wata kuwa "aikinsa kawai ya yi".

Shi kansa shafin lissafin kwamfutar da ƙanwata take aiki da shi, ai wani ne ya gaji da gogewa da sakewa ya ƙirƙiro shi. Dan Bricklin yana ɗalibin harkar kasuwanci a Jami'ar Harvard ya ga yadda canza adadi ɗaya ke tilasta a sake lissafa duk abin da ya biyo baya. Shi da abokinsa Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979, daga nan aikin akanta a duniya ya sauya kama.

Wa ya raba kai da hannu?

Wannan tunani yana da tarihi. A 1911 wani injiniya a Amurka, Frederick Taylor, ya bayyana tsarinsa na tafiyar da masana'anta. Yakan tsaya da agogo a hannu yana auna kowane motsi na lebura, sannan a fitar da hanya ɗaya tilo ta yin aikin. Tunani na manaja ne, aiwatarwa ta ma'aikaci. Tsarin ya ƙara yawan abin da ake samarwa, wannan ba a musu. Amma ya bar mana gadon da har yau yake yawo a ofisoshi da asibitoci da shaguna: "Ba a ɗauke ka don ka yi tunani ba, yi abin da aka sa ka."

Makaranta ma ta taimaka. Yaro yakan ji ana yabon basira a darasin zane da na rubuta labari. A darasin lissafi kuwa, in ya bi wata hanya dabam ya samu amsa daidai, sau da yawa jan biro yake sha saboda ba ita aka koyar ba. Yana girma ya riga ya yanke wa kansa hukunci.

Jan layin Baba

A wurin da na fara aiki akwai wani dattijo mai kula da ɗakin fayil. Kowa Baba yake ce masa. Karatunsa bai yi nisa ba, kuma idan ana lissafa ma'aikata masu muhimmanci ba wanda zai tuna da shi.

Matsalar ɗakin nan ita ce ɓatan fayil. Wani ya ɗauka bai mayar ba, wani ya mayar a gurbin da ba nasa ba. Fayil ɗin da aka soke a wurin da ba nasa ba kuwa, da shi da wanda aka sace duk ɗaya ne, sai an zazzage kanta guda kafin a gan shi. An yi taro a kai, an buɗe rajistar sa hannu, an yi barazanar takardar tuhuma. Bai hana ba.

Wata Litinin na shiga na tarar Baba ya jera manyan fayilolin kowane layi bisa lambarsu, ya ɗora doguwar rula a bayansu, yana jan layi ɗaya da jar maka, a karkace, daga saman fayil na farko a hagu har zuwa gindin na ƙarshe a dama. Na ce, "Baba, me ake yi haka?" Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshe. Sannan ya zare fayil ɗaya daga tsakiya ya soka shi a wani gurbi, ya ja ni baya zuwa bakin ƙofa, ya ce, "Ɗana, duba ka gaya mini wanne ne ba ya wurinsa."

Ko daƙiƙa biyu ban yi ba na nuna shi. Layin ya karye a wuri biyu, ido yana sauka a kai tun kafin mutum ya yi niyyar nema. Ba sai ka karanta lamba ba, ba sai ka buɗe rajista ba. Daga bakin ƙofa Baba yake tsayawa kowace yamma ya share kantocin da ido, cikin minti ɗaya ya san abin da ya fita da abin da ya ɓata hanya.

Shekaru bayan haka na gano manyan masana'antu ma suna amfani da irin wannan layi. Baba bai taɓa jin labarinsu ba. Shekarun da ya yi yana shaƙar ƙurar ɗakin nan ne suka koya masa, da kuma cewa abin yana damunsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ganina nan ne asalin dabarar aiki: sanin aikin ciki da bai, haɗe da damuwa da shi. Duk inda waɗannan biyu suka haɗu a zuciyar mutum, sai ka ga wani abu ya fito.

Zan dawo kan Baba, domin labarin bai ƙare da daɗi ba.

"Ai akwai aikin da ba ya son dabara"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ake kawo mini, kuma ba na raina ta. Wani zai ce, ni ba na son matuƙin jirgin sama mai gwaje-gwaje, ba na son likitan tiyata da zai ƙirƙiro sabuwar hanya a cikina. A bi ƙa'ida kawai.

Gaskiya ne, a bi ƙa'ida. Amma a tambayi inda ƙa'idar ta fito. A watan Oktoba na 1935 wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi jim kaɗan da tashinsa a wurin gwaji, saboda an manta ba a cire makullin da ke riƙe abin sarrafa shi ba, alhali ƙwararre ne yake tuƙi. Matuƙan da suka rage ba su tsaya a kan "a ƙara kula" ba. Sun rubuta ɗan gajeren jerin abubuwan da za a duba ɗaya bayan ɗaya kafin a tashi. Wannan takarda da yau ake ganinta a matsayin ƙa'ida tsantsa, ranar da aka fara ta sabuwar dabara ce.

Likitoci suka aro ta daga matuƙa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da za a tabbatar a ɗakin tiyata. Da aka gwada a asibitoci 8 a ƙasashe daban-daban, mace-macen bayan tiyata suka sauko daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa kashi 0.8. Ɗaya daga cikin abubuwan ya fi burge ni: kafin a fara yanka majinyaci, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa. Wanda ya saka wannan ya san halin ɗan Adam. Ya san nas ɗin da aka ji muryarta sau ɗaya za ta fi samun ƙarfin halin cewa "Likita, dakata" in ta ga kuskure.

Sannan akwai ranar da ƙa'ida take ƙarewa a bar mutum da kansa. Ranar 15 ga Janairu, 2009, jirgin fasinja ya tashi daga New York, bai yi nisa ba ya ci karo da garken tsuntsaye, injinansa biyu suka mutu. Takardar da aka tanada don irin wannan hali an rubuta ta ne don jirgin da ya yi sama sosai yana da lokaci. Su kuwa abin da ya rage musu bai kai minti huɗu ba. Matuƙin, Chesley Sullenberger, bai jira an iso layin da ya ce a kunna ƙaramin injin ko-ta-kwana mai ba da lantarki ba, ya kunna shi tun da fari. Ya auna ya ga ba za su kai wani filin jirgi ba, ya sauke jirgin a kan kogin Hudson. Mutum 155 ne a ciki, duk suka fita da rai.

Wanda bai san ƙa'ida ba ba zai iya wannan ba. Mutumin ya tara sa'o'in tuƙi sama da 19,000 kafin wannan rana. Sai wanda ya haddace dokar, ya kuma fahimci abin da ya sa aka kafa ta, shi zai gane lokacin da ba ta isa ba. Sabon shiga da ya tsallake ƙa'ida tun bai san amfaninta ba ganganci yake yi, kuma ba shi nake karewa ba.

Dabara daban, coge daban

Na san wani zai yi murmushi ya ce, ai akanta mai "dabara" shi ke kai kamfani ƙasa. Zai kawo misalin Enron, kamfanin makamashi na Amurka da ya durƙushe a Disamban 2001 bayan an gano yadda aka riƙa ɓoye bashi a wasu ƙananan kamfanoni don littafi ya yi kyau. Har kamfanin da ke binciken lissafinsu, Arthur Andersen, bai tsira ba.

Wannan sunansa ha'inci, kuma bambance shi ba wuya. Abin da ƙanwata ta yi yana sa kuskure ya fito fili ya yi ja. Abin da aka yi a Enron yana binne shi. Mai dabarar kirki ɗoki yake ya nuna wa kowa yadda ya yi. Mai coge kuwa ba ya son a leƙa.

"Rashi ne kawai, ba basira ba"

Akwai masu cewa abin da nake yabo faci ne, wanda mutum kan yi don ba a ba shi kayan aiki ba. A nan sai na tsaya, domin rabin maganar gaskiya ce. Na ga shugabannin da suke fakewa da "ku yi dabara mana" don kada su sayi abin da ya wajaba su saya. Ma'aikacin da kullum yake ɗaure abin da ya karye da waya ana cutarsa ne, ko da ana yabonsa. Yabo ba ya maye gurbin kayan aiki, kuma duk wanda ya ɗauki rubutun nan ya mai da shi hujjar tauye ma'aikata bai fahimce ni ba.

Sai dai ɗayan rabin ba haka yake ba. A 1978, a wani asibitin haihuwa a Bogota, babban birnin Kolombiya, kwalaben da ake saka jarirai bakwaini sun yi kaɗan, har akan haɗa jariri fiye da ɗaya a kwalba guda, cuta tana yaɗuwa a tsakaninsu. Wani likitan yara, Edgar Rey, ya ce a ɗora jaririn a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure shi a nan dare da rana, ɗumin jikinta ya riƙe shi, nono kuma yana kusa. Rashi ne ya haifar da wannan dabara, babu shakka. Amma da aka yi ta bincike sai aka ga tana rage mutuwar bakwaini, har a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ta nan take bayan haihuwa. Yau asibitocin da kwalba ta wadace su ma suna yi. Rashin bai zo da amsar a hannunsa ba. Asibitoci nawa ne suke cikin irin wannan ƙunci a wancan lokaci? Sai da aka samu wanda ya kalli uwar da ke zaune a gefe tana kuka, ya ga abin da kowa yake kallo bai gani ba.

Batun cewa ba kowa Allah ya ba ba kuwa, ba zan daɗe a kai ba. Mutane sun fi juna, kamar yadda suka fi juna a komai. Amma ban taɓa zama da wanda ya shekara biyar yana aiki ɗaya ba, na tambaye shi "me za ka gyara in an ba ka dama?", ya rasa amsa. Yawanci ma amsar ta daɗe a bakinsa, mai tambaya ne bai samu ba.

Masu kashe ta

Nan ne abin yake mini zafi.

Wata biyu bayan jan layin Baba, aka yi babban taro da shugabanni daga hedikwata. Manajanmu ya tashi ya yi bayanin "sabon tsarin da muka ɓullo da shi" na hana ɓatan fayil, har da hoton kantocin a allo. Aka tafa masa. Baba yana tsaye a bayan ɗaki, shi ya shigo da kujeru. Ko sunansa ba a ambata ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bai yi ƙorafi ba. Amma akwai wata dabara da ya taɓa gaya mini yana shiryawa, ta yadda za a san wanda fayil yake hannunsa ba tare da rajista ba. Da na tuna masa bayan taron, sai ya ce, "Bar shi kawai, ɗana. Mu yi abin da aka sa mu." Har ya yi ritaya ban ƙara jin ya kawo wata shawara ba. Wurin nan ya yi asarar da ba ta fito a kowane littafin lissafi ba, kuma ba wanda ya san an yi ta.

Wani lokaci abin yakan wuce satar yabo. A 1847, a babban asibitin Vienna, wani matashin likita, Ignaz Semmelweis, ya lura mata sun fi mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa a sashen da likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa fiye da sashen ungozomomi. Ya gano likitocin daga ɗakin binciken gawa suke zuwa kai tsaye. Ya sa su wanke hannu da ruwan sinadarin kulorin. A watan Afrilu mace-macen sun kai kashi 18 cikin 100, zuwa Yuni suka sauko kusan kashi 2. Manyansa da yawa suka ƙi yarda, don maganar tana nufin hannunsu ne ke kashe matan. Ya rasa gurbinsa a asibitin, ya rasu a 1865 ba tare da ya ga an karɓi abin da ya gano ba. Mata nawa suka tafi a tsakanin, saboda girman kai?

Ga kuma abin da kan faru in aka buɗe ƙofa. Kamfanin General Motors ya rufe wata masana'antar motocinsa a Fremont, jihar Kalifoniya, a 1982. Ta yi ƙaurin suna wajen rashin ingancin mota da yajin aiki da fashin zuwa aiki. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka dawo da mafi yawan tsofaffin ma'aikatan nan da ake cewa ba su da amfani. Abin da ya canza shi ne an rataya igiya a kan layin haɗa mota, aka ce duk wanda ya ga matsala ya ja, shugaban rukuninsa ya zo da gudu, in ba a warware ba layin ya tsaya. Aka kuma riƙa tambayarsu yadda za a gyara aikin, ana aiwatar da abin da suka faɗa. Ba a daɗe ba motocin wurin suka shiga sahun gaba a inganci a duk masana'antun General Motors. Mutanen nan dai su ne na jiya. Toyota kuwa tun 1951 take da tsarin karɓar shawarar ma'aikata, ba ranar ta fara ba.

Don haka idan shugaba ya ce mini ma'aikatansa ba su da tunani, tambayar da nake masa ita ce: na ƙarshe da ya kawo maka shawara, me ya same shi? In an ce masa "ka cika iyayi", ko "haka muka tarar ana yi", ko an karɓe an sa sunan wani, to sauran sun gani, kuma sun ɗauki darasi. Akwatin shawara da aka kafa a bango ba ya gyara wannan. Abin da ke gyarawa shi ne a saurari mutum har ya gama, a bar shi ya gwada a ƙaramin wuri inda kuskure ba zai yi ɓarna ba, in ta yi kyau a kira sunansa a gaban jama'a, in akwai riba a ba shi rabonsa. In ba ta yi ba, kada a mai da shi abin dariya.

Jiya na kira ƙanwata na faɗa mata duk wannan. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai wannan aiki ne kawai." Muna cikin hira sai ta ambaci wani yaro da aka kawo ofishinsu kwanan nan, wai ya dame ta da cewa akwai wata takarda da suke cikewa sau biyu ba gaira ba dalili. Na ce, me kika ce masa? Ta ce, "Na ce masa haka ake yi."

Ta yi shiru na ɗan lokaci a waya. Sannan ta ce, "Bari gobe in kira shi ya nuna mini."